Yadda Ake Haɗa Abin Shan Tuffa da Karamel na Lokacin Kaka a Gida

A ƙasar Amurka, daga watan Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, lokacin da zafi ya ja baya kuma ganyayen itatuwa suka rine suka fara zuba, babu ɗan itacen da ke cika kasuwa kamar tuffa. A wannan lokacin ne ake girbinta a jihar Washinton, wadda ta fi kowace jiha noma ta, da kuma Niyok da Mishigan, kuma a lokacin ne manoma ke matse ruwanta su sayar da shi ba tare da an tace shi tas ba, yana da duhu-duhu da ɗan kauri. Wannan ruwa, tare da al'adarsu ta soke tuffa a tsinke a tsoma ta cikin karamel, wato sukarin da aka narka a wuta har ya yi ja, domin yara a bikin Halowin na ranar 31 ga Oktoba, su ne tushen abin shan da za a koya a nan. Da yawa daga cikinsu suna zuba masa barasa, amma mu za mu haɗa shi ba tare da ita ba, kuma babu abin da zai rasa, domin daɗinsa ya rataya ne a kan abubuwa uku: tsamin tuffa, da ɗan ɗacin toyayyen sukari, da ƙamshin kirfa. Wanda ya daidaita waɗannan ukun ya gama aiki, wanda kuwa ya bar zaƙi ya danne sauran biyun, to ruwan alewa kawai ya haɗa.

Ma'aunin da ke biye zai isa kofi huɗu manya. Ana buƙatar tuffa kilo 2, wato kamar goma zuwa goma sha biyu matsakaita, da farin sukari giram 300, da lemun tsami uku, da sandar kirfa biyu da garinta cokalin shayi ɗaya, da kanumfari huɗu, da ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, da bota giram 30, da kirim ko madarar gwangwani mililita 80, da gishiri, da ruwan soda marar zaƙi, da ƙanƙara.

Zaɓen tuffa da matse ruwanta

Kada a sayi iri ɗaya kawai. Koriyar nan mai tsami da tauri, wadda ake kira Granny Smith, ita ce ƙashin bayan wannan haɗi. Asalinta daga Ostireliya ne, inda ta fito a gonar wata mata, Maria Ann Smith, kusa da birnin Sidni a shekarar 1868. Sai a haɗa ta da masu zaƙi irin su Gala ko Fuji ko Golden Delicious, kashi ɗaya na koriya, kashi biyu na masu zaƙi. Tuffar da ke kasuwanninmu daga waje ake shigo da ita, mai yawa daga Afirka ta Kudu, kuma takan daɗe a ɗakin sanyi kafin ta iso hannun mai tebur, saboda haka a danna kowace ɗaya da yatsa kafin a biya kuɗi. Wadda ta lotsa ko fatarta ta yamutse ta riga ta zama gari-gari a ciki, ruwanta kaɗan ne, kuma ƙamshinta ya gudu.

A wanke tuffar da ruwan ɗumi, a goge ta da tsumma mai tsafta domin a cire santsin da ke jikinta, amma kada a fere ta, saboda akwai ƙamshi sosai a ɓawon. A raba kowace gida huɗu, a yanke tsakiyar, a zubar da 'ya'yan gaba ɗaya, domin idan blanda ta niƙe su suna sa ɗaci, kuma suna ɗauke da wani sinadari da ba a so a ci da yawa. Duk wadda aka yanka a jefa ta nan take cikin kwanon ruwan da aka matse lemun tsami ɗaya a ciki. Dalili shi ne tuffa tana da wani sinadari da ke haɗuwa da iska ya mayar da ita ruwan ƙasa cikin 'yan mintuna, tsamin lemo kuwa yana rage masa hanzari. Wannan canjin launi ba lalacewa ba ne, kuma a wannan abin sha ba wani aibu ba ne, tunda karamel ma zai ƙara masa duhu, sai dai ruwan da bai yi duhu sosai ba ya fi riƙe ɗanɗanon ɗanyar tuffa.

Mai injin matse 'ya'yan itace aikinsa ya zo da sauƙi. Wanda blanda gare shi sai ya niƙa tuffar kashi uku ko huɗu, yana sa ruwa kaɗan kowane zubi, jimilla kada ya wuce mililita 250, sannan ya juye markaɗen a ƙyallen tata mai tsafta, ya murɗe shi da ƙarfi har sai dusar ta bushe a hannu. Abin da ake nema shi ne lita ɗaya. A ware mililita 200 a gefe domin karamel, sauran a rufe a sa a firji.

Idan ruwan kwali ko na kwalba za a saya, a duba a tabbata an rubuta cewa ruwan tuffa ne zalla, ba wanda aka sirka da ruwa da sukari ba, kuma a ƙara yawan lemun tsami a haɗin, domin irin wannan ruwa tsaminsa kaɗan ne. Akwai kuma abin lura ga mai guje wa barasa: abin da Amurkawa ke rubuta wa Cider galibi ɗanyen ruwan tuffa ne, amma a Ingila da Afirka ta Kudu wannan sunan na giyar tuffa ne, don haka a karanta jikin kwalbar da kyau. Haka nan ruwan banila na asali, wanda wasu ke ɗigawa a karamel, a cikin barasa ake jiƙa shi, kuma dokar Amurka ta ce kada barasar ta gaza kashi 35 cikin 100. Mai son ƙamshin banila ya nemi garinta, ko ya bar ta gaba ɗaya, domin kirfa ta wadatar.

Karamel na cikin abin sha

A nan ne nake saɓa wa yawancin masu koyar da wannan haɗi. Sukan ce a zuba karamel mai kirim da bota kai tsaye cikin ruwan tuffa a girgiza, alhali ruwan tuffa yana da tsami, an kuma ƙara masa lemo, tsami kuwa yana tsinka madara. Ita ma bota da zarar ta taɓa ƙanƙara sai ta daskare ta koma ƙananan guntaye masu yawo a saman kofi, su manne a leɓe da dasashi. Hanyar da ta fi ita ce a yi karamel iri biyu: ɗaya na sukari da ruwan tuffa kawai, wanda zai narke cikin abin shan ba tare da ya bar komai ba, ɗaya kuma mai kirim, wanda aikinsa ado ne a bakin kofi. Na farkon shi ne mai muhimmanci, kuma shi ya kamata a ba hankali duka.

A fara da ƙamsasa ruwan tuffar da aka ware. A zuba mililita 200 ɗin a ƙaramar tukunya tare da sandar kirfa ɗaya, da kanumfari huɗu, da cittar da aka yayyanka, a bar shi a kan wuta kaɗan na minti goma, yana motsi a hankali ba tafasa mai ƙarfi ba. A tace, za a samu kamar mililita 150, a ajiye shi da ɗuminsa kusa da murhu, inda hannu zai kai ba tare da an juya baya ba. Kanumfari huɗu sun isa. Idan aka wuce haka ƙamshinsa yakan shaƙe na tuffa har baki ya yi kamar an sa maganin haƙori.

Sai a ɗauko tukunya mai kaurin gindi da zurfi, wadda cikinta fari ne, domin a baƙar tukunya ba a ganin launin sukari, launi kuwa shi ne kaɗai ma'aunin wanda ba shi da na'urar auna zafi. A zuba sukari giram 200, a zuba ruwa babban cokali huɗu da ɗigon lemun tsami biyar ko shida, a juya sau ɗaya har sukarin ya jiƙe ko'ina, sannan a ɗora a matsakaiciyar wuta a ajiye cokali. Daga nan ba a sake juyawa. Juyawa tana fantsama sukari a gefen tukunya, ya bushe a can, kuma ƙwaya ɗaya busasshiya idan ta faɗo ciki tana iya jan sauran su koma tsakuwa gaba ɗaya. Ɗigon lemon nan yana farfasa wani ɓangare na sukarin ya hana shi dunƙulewa, kuma idan aka rufe tukunyar na minti biyu a farkon tafasa, tururi zai wanke gefen da kansa. In an ga wani ɓangare yana riga wani nuna, a kama hannun tukunya a kaɗa ta a hankali.

Da farko kumfar tana da yawa, tana fashewa da sauri, domin ruwa ne ke fita. Bayan minti biyar ko shida sai ta yi nauyi, ƙwayoyinta su riƙa tashi a hankali suna sheƙi, ƙarar tafasar ma ta ragu. A wajen digiri 160 na ma'aunin salshiyos sai gefe ya fara yin rawaya, kuma daga wannan lokacin ba a ɗaga ido, domin tsakanin rawaya da ƙonewa bai fi minti biyu ba. Duk wanda ya taɓa narka sukarin kantun riɗi ya san wannan gaɓa, sai dai a nan ana so a wuce inda mai kantu ke tsayawa. Launin zuma mai haske zaƙi ne zalla, bai isa ba. Abin da ake nema shi ne ja mai duhu kamar shayi mai kauri, a wajen digiri 170 zuwa 175, lokacin da ƙamshin ya koma na abin da aka gasa kuma wani siririn hayaƙi ya fara tashi. A ɗiga kaɗan a farin faranti a duba, saboda a cikin tukunya yakan nuna ya fi ainihinsa duhu. A sauke kafin ya kai inda ake so da 'yan daƙiƙu, domin zafin ƙarfen zai ci gaba da dafa shi, kuma mai girki da gawayi ya tanadi wurin ajiye tukunyar tun kafin ya fara, tunda ba shi da abin rage wuta. Idan ya yi baƙi yana warin ƙauri, babu gyara, sai a zubar a sake. Asarar sukari kofi ɗaya ta fi asarar tuffa kilo 2 sauƙi.

Da an sauke, a miƙe hannu, a ja fuska baya, a zuba ruwan tuffar mai ɗumi kaɗan-kaɗan. Zai yi ƙara, ya taso har rabin tukunya ko fiye, ya fitar da tururi mai tsananin zafi, kuma wannan ne dalilin neman tukunya mai zurfi. Wani ɓangare na sukarin zai dunƙule a gindi, kada a damu. A mayar kan wuta kaɗan a juya da cokalin katako har ya narke duka, a bar shi ya ƙara minti biyu, a sa gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, a sauke ya huce. Za a samu kusan kofi ɗaya na ruwa mai danƙo kaɗan, wanda ke bin bayan cokali a hankali.

Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma yana manne wa fata, saboda haka a fitar da yara daga kicin, kada kuma a kai yatsa don ɗanɗanawa. Idan ya fantsama a hannu, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, kada a shafa man goge baki ko manja, kuma idan ƙunar tana da faɗi a nufi asibiti.

Karamel na bakin kofi

Hanyarsa ɗaya ce da ta farko. A narka sukari giram 80 da ruwa babban cokali biyu har ya yi ja, a sauke, a jefa bota a juya, a zuba kirim ko madarar gwangwani da aka ɗumama, a mayar kan wuta minti ɗaya, a sa gishiri rubu'in cokalin shayi. Haɗa karamel da gishiri ya yi suna ne daga yankin Britani na Faransa, inda wani mai yin alewa, Henri Le Roux, ya fito da alewar karamel mai bota da gishiri a garin Kiberon a shekarar 1977, kuma hikimar ita ce gishiri yana rage ɗaci ya fito da ƙamshi. A bar shi ya huce har ya yi kaurin da ba zai zuba da sauri ba.

A baje shi a ƙaramin faranti, a wani farantin kuma a gauraya sauran sukarin giram 20 da garin kirfa. Wanda ke da mazarƙwaila ya daka ta ya sa a madadin sukarin, domin ɗanɗanonta na rake yana tafiya da kirfa sosai. Ba na ba da shawarar a toya ta a yi karamel da ita, saboda duhunta na asali yana ɓoye lokacin nuna, amma a bakin kofi ta fi farin sukari. A kifa kowane kofi a cikin karamel, kada a nutsar da shi fiye da faɗin ƙwayar shinkafa, a ɗaga a juya shi cikin garin, a sa a firji minti goma ya kama.

Haɗawa

Ba sai an sayi kwalbar girgiza ta musamman ba, kowace kwalba mai faɗin baki da murfi mai kamawa ta isa. Domin kofi ɗaya, a zuba ruwan tuffa mililita 180, da karamel na farko babban cokali biyu, da ruwan lemun tsami cokalin shayi biyu, da ƙanƙara huɗu ko biyar. A rufe a girgiza da ƙarfi na daƙiƙa 15, har jikin kwalbar ya yi raɓa. Girgizar tana da amfani biyu: tana narkar da karamel, wanda idan da cokali aka juya shi a ruwan sanyi sai ya kwanta a gindi, tana kuma sa wa abin shan kumfa mai laushi a sama.

Kafin a juye, a ɗanɗana da cokali, domin tuffa ba ta zama ɗaya daga saye zuwa saye. Idan zaƙi ne ya fara bugun harshe kuma shi ne ya saura bayan an haɗiye, a ƙara lemo rabin cokalin shayi. Idan tsami ya sa an runtse ido, a ƙara karamel kaɗan. Idan kuwa komai ya daidaita amma an ji kamar da sauran wani abu, to abin da ya rage shi ne ɗan kaifi, wanda a haɗin Amurkawa barasa ke bayarwa. Baƙin shayi mai kauri da ya huce, babban cokali biyu, yana kawo ɗan bauri da ke tsayar da zaƙi, kuma ni shi na fi so. Ruwan ɗanyar citta rabin cokalin shayi yana kawo zafi a maƙogwaro ga mai son haka.

A sa sabuwar ƙanƙara a kofin da aka yi wa ado, a tace haɗin a kai a hankali ta tsakiya don kada ya wanke bakin, a cika da ruwan soda kamar mililita 60. Ba a girgiza soda a kwalba, a ƙarshe ake zuba shi. A yanka tuffa siriri a shafa mata lemo a jingina a ciki, a tsaga sauran sandar kirfar a tsoma. Manyan ƙanƙara sun fi ƙanana, domin suna jinkirin narkewa, kuma wanda zai sha a rana mai zafi zai iya daskarar da wani ɓangare na ruwan tuffar ya zama shi ne ƙanƙarar, ta yadda abin shan ba zai salamce ba.

A lokacin hunturu kuwa da zafinsa ya fi daɗi, kuma haka Amurkawa ma ke shan sa idan sanyi ya shigo. A ɗumama ruwan tuffar da sandar kirfa har tururi ya fara tashi, kada ya tafasa, a sa karamel na farko babban cokali ɗaya da rabi ga kowane kofi, saboda zaƙi ya fi fitowa a abu mai ɗumi, a rage lemon zuwa cokalin shayi ɗaya, a bar soda. Idan akwai bugaggen kirim a ɗora shi a sama a zuba masa zaren karamel mai gishiri, amma kada a gauraya shi ciki.

Idan taro ne, a ninka ma'aunin a babban jug, a kaɗa ruwan tuffa da karamel da lemo sosai tun da wuri a sa a firji, ƙanƙara da soda kuwa sai baƙi sun zauna. Ya kamata mai gida ya san cewa kofi ɗaya na wannan haɗi yana ɗauke da sukari fiye da giram 40, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce irin wannan sukari kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da jiki ke samu na ƙarfi a yini, wato kamar giram 50 ga babban mutum. Don haka ga mai ciwon suga ko wanda likita ya taƙaita wa zaƙi, a ba shi ƙaramin kofi, a rage karamel zuwa cokalin shayi ɗaya, a yawaita soda. Ga ƙananan yara da mata masu juna biyu da tsofaffi kuma, a ɗumama ɗanyen ruwan tuffar har ya kai aƙalla digiri 71 sannan a sanyaya, domin a kashe ƙwayoyin cuta da ka iya biyo ɓawo.

Karamel na farko yana kai mako biyu a firji cikin kwalba mai tsafta, mai kirim ɗin kuwa kada ya wuce kwana goma, kuma idan ya yi tauri a tsoma kwalbarsa a ruwan ɗumi ya saki. Tukunyar da sukari ya daskare a ciki ba a kankare ta, a cika ta da ruwa a tafasa, zai narke da kansa. Ɗanyen ruwan tuffa shi ne ba ya jure ajiya: kwana biyu a firji mai sanyi sosai, inda kuma wutar lantarki ba ta tsayawa, a matse shi ranar da za a sha. Idan aka buɗe murfi aka ji iska ta fita, ko aka ga ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa kuma ƙamshinsa ya sauya, to ya fara tsimuwa yana komawa barasa, sai a zubar da shi a matse sabo.